Ra'ayinmu: Sauya Jirgin Shugaban Ƙasa, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ranar Litinin 19 ga Agustan 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja zuwa Faransa a cikin wani jirgi ƙirar Airbus A330 wanda 'yan Najeriya ba su saba gani ba. A lokacin ne fadar shugaban ƙasa, ta bakin mai ba shi shawara kan yaɗa labarai, Bayo Onanuga, ta tabbatar da cewa wannan shi ne magajin Boeing 737 ɗin da aka saya a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, wanda ya shekara 19 yana ɗaukar shugabannin ƙasar nan. Sanarwar ta ce an samu jirgin a ƙasa da farashin kasuwa, kuma zai rage abin da ake kashewa wajen gyara da shan mai. Ba ta faɗi nawa aka biya ba, ba ta kuma nuna sashen kasafin kuɗin da aka ciro kuɗin ba. Adadin da ya yaɗu a bakin jama'a, wato kimanin dala miliyan 100, daga rahotannin jaridu ya fito.

Matsayinmu a kan wannan batu a fili yake. Jirgi na tsufa kamar yadda kowace na'ura ke tsufa, kuma ƙasa na da haƙƙin sauya jirgin da ke ɗaukar shugabanta idan ya daina zama abin dogaro. Abin da muke ƙi shi ne hanyar da aka bi: a zura ido har jirage su riƙa tsayawa da shugabanni a ƙasashen waje, sannan a ruga a saya cikin gaggawa da sirri, a bar jama'a su ji farashi a bakin 'yan jarida. Tunda sauran jiragen fadar ma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba, wannan magana za ta sake tasowa, kuma ya kamata ta same mu da tsari a hannu.

A yi adalci tukuna, domin hujjar masu neman sauyi ba ta banza ba ce. A ƙarshen Afrilun 2024 shugaban ƙasa ya kai ziyara Netherlands, daga nan zai wuce Riyadh don taron tattalin arziki na duniya, amma matsalar jirgi ta sa dole aka yi shatar wani jirgin na haya. Ba a yi mako biyu ba, a farkon Mayu, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya fasa zuwa taron kasuwanci tsakanin Amurka da Afirka a birnin Dallas saboda tangarɗar jirgi, sai Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya wakilci ƙasar. A cikin watan ne shugaban Iran Ebrahim Raisi ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu, ranar 19 ga Mayu, sannan ranar 10 ga Yuni mataimakin shugaban Malawi Saulos Chilima ya rasu a hatsarin wani jirgin soja. A wannan yanayi ne kwamitin Majalisar Wakilai mai kula da tsaron ƙasa da bayanan sirri, ƙarƙashin Satomi Ahmed, ya ba da shawarar a sayo sababbin jirage biyu, ɗaya na shugaba, ɗaya na mataimakinsa.

Mu a Najeriya ba ma buƙatar aron darasi daga Iran ko Malawi. Ranar 26 ga Satumban 1992 jirgin soja ƙirar C-130 ya faɗi a Ejigbo da ke Legas da mutum fiye da 150, galibinsu hafsoshin da ke karatu a kwalejin Jaji. A Janairun 1996 wani jirgi daga ayarin fadar shugaban ƙasa ya faɗi a kusa da Kano, Ibrahim Abacha da waɗanda ke tare da shi suka rasu. Ranar 15 ga Disamban 2012 jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi a Bayelsa da Gwamna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi. Ranar 21 ga Mayun 2021 Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu a Kaduna tare da mutum goma. Ana tuna sunayen manyan, amma a hatsarin Bayelsa mutum shida ne a cikin jirgin: manya biyu, hadimansu biyu, matuƙa biyu. Duk jirgin gwamnati da ya tashi, yawancin waɗanda ke cikinsa dogarai ne, da jami'an tsara tafiya, da likita, da masu ɗaukar labari, da injiniyoyi, da ma'aikatan jirgi. Saboda haka duk wanda ke kallon lafiyar waɗannan jirage a matsayin jin daɗin mutum ɗaya ya manta da iyalan ma'aikatan da ke jiran su dawo gida. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki.

Sai dai kuma ba dukkan waɗannan hatsarori ne tsufan jirgi ya haddasa ba. Hukumomin Iran da kansu sun ɗora alhakin hatsarin Raisi a kan mummunan yanayi da hazo, kuma jirgin Chilima ma a cikin mummunan yanayi ya faɗi. Sabon jirgi ba ya korar hazo, ba ya kuma hana wani babba matsa wa matuƙi lamba ya tashi a lokacin da bai kamata ba. Idan ana son a kafa hujja da tsufa, to sai a san abin da tsufa ke nufi a harkar jirgin sama.

Masana harkar ba da shekarun haihuwa kaɗai suke auna jirgi ba. Suna duba awowin da ya yi a sama, da yawan tashi da saukarsa, da tarihin gyaransa. Duk lokacin da jirgi ya tashi ana matse iska a cikinsa domin fasinja su iya numfashi, gangar jikinsa ta ɗan buɗa, idan ya sauka ta koma. Wannan maimaici shi ke gajiyar da ƙarfe. Jirgin kasuwa na yin dubban awowi a shekara, na shugaban ƙasa kuwa bai cika wuce 'yan ɗaruruwa ba, don haka ta wannan fuska jirgin fada mai shekara 19 na iya zama bai ko kai rabin ƙarfinsa ba. Amma akwai tsufan da kalanda ke kawowa ko jirgi na ajiye: tsatsa, da bushewar robobi, da lalacewar wayoyi, da na'urorin sadarwa da zamani ke wucewa. Akwai kuma babban duban da ake yi duk bayan shekara shida zuwa goma, inda ake kwance jirgin kusan gaba ɗaya a bincika, aikin da ke cin makonni da miliyoyin daloli. Jiragen Boeing 747 biyu da aka keɓe wa shugaban Amurka sun fara aiki ne tun farkon shekarun 1990, sun kuma haura shekara talatin suna tashi, saboda ba a wasa da kula da su.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da sanarwar fadar ba ta amsa ba. Airbus ɗin da aka sayo ba sabo ba ne fil daga masana'anta. Bayanan rajistarsa da jaridu suka wallafa sun nuna an ƙera shi ne a wajajen 2009, wato yana da kimanin shekara 15 a lokacin da ya shigo hannunmu. An sauya mai shekara 19 da mai shekara 15. Wannan na iya zama ciniki mai kyau: jirgin ya fi girma, ya fi cin dogon zango ba tare da ya yada zango shan mai ba, kuma idan awowinsa kaɗan ne, tarihin gyaransa kuma tsaf, to an yi dabara. Yana kuma iya zama akasin haka, domin babban jirgi mai faɗin ciki ya fi ƙaramin shan mai a kowace awa, ya fi shi tsadar kayan gyara, kuma ba kowane filin jirgi na cikin gida ne zai iya karɓarsa cikin sauƙi ba. Takarda guda ce za ta raba gardama, wadda ke kwatanta abin da riƙe tsohon jirgin zai ci a shekara goma masu zuwa da abin da saye da riƙe sabon zai ci a daidai wannan lokaci. Idan an yi wannan lissafi, me ya hana a nuna shi? Wanda ya ce ya yi wa jama'a tsimi shi ya fi kowa buƙatar fito da alƙaluma, domin su ne shaidarsa.

Akwai kuma batun majalisa. Sashe na 80 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a fitar da kuɗi daga asusun tarayya sai da izinin dokar kasafi, kuma ta hanyar da Majalisar Tarayya ta tsara. A ƙarshen Yunin 2024 shugabancin Majalisar Dattawa ya shaida wa duniya cewa babu wata buƙatar sayen jirgi a gabansa. Kafin wata biyu ya cika, jirgi ya sauka a Abuja. Shawarar kwamiti ba ita ce dokar kasafi ba. Ko da an ciro kuɗin ne daga wani babban sashe na kasafi da aka tanada don hidimomi na bai-ɗaya ko na ba-zata, abin da ya kai wannan girma ya cancanci layinsa na kansa, da sunansa, da muhawara a zauren majalisa inda kowane wakili zai faɗi ra'ayinsa a gaban mazaɓarsa. Majalisar da ta yarda a wuce ta a kan wannan ta rage wa kanta nauyi a kan abin da zai biyo baya.

Lokacin da aka zaɓa ma ya ƙara wa ciwon gishiri. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A ƙarshen Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin ƙwadago. Daga 1 zuwa 10 ga Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka rasa rayuka a wasu jihohi. Kwana tara bayan nan aka ga jirgin. Idan adadin da jaridu suka kawo daidai ne, to a canjin wancan lokaci ya kai kimanin naira biliyan 150, wato albashin wata guda na ma'aikata fiye da miliyan biyu a kan sabon mafi ƙarancin albashi. Ba muna cewa da an raba kuɗin da yunwa ta ƙare ba. Muna cewa gwamnatin da ke roƙon jama'a su ƙara haƙuri tana da bashin bayani a kanta, kuma bashin ya fi nauyi a irin wannan lokaci.

Babu wanda ya fi ma'aikacin tarayya jin zafin wannan bambanci. Jami'in da aka ba kuɗin tafiya zuwa Makurɗi ko Gusau dole ya dawo da rasit na kowane kwabo, in ba haka ba takardar tuhuma ta biyo shi, a kuma cire daga albashinsa. Daraktan da ke son sauya motar ofis da ta gaji sai kwamitin tantance kaya ya duba ta ya tabbatar ba ta gyaruwa, sai an sa kuɗin a kasafi, sai kwamitin ba da kwangila ya zauna, idan kuɗin ya kai wani mataki kuma sai hukumar BPP ta ba da takardar amincewa. A Janairun 2024 shugaban ƙasa ya ba da umarnin rage 'yan rakiyar tafiye-tafiyen hukuma da kashi 60 cikin ɗari, daga 1 ga Afrilu kuma aka dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na wata uku. Ma'aikata sun bi, kuma daidai ne su bi. Amma ƙa'idar da ake tsaurarawa a kan motar ofis, a sassauta ta a kan jirgin dala miliyan ɗari, tana koya wa ƙaramin ma'aikaci cewa doka ta marar ƙarfi ce. Wannan darasi ya fi kuɗin jirgin tsada, domin shi ke ruɓar da aikin gwamnati daga ciki.

Za a ce mana batun tsaro ne. Gaskiya ne ayarin jiragen fadar na ƙarƙashin kulawar ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, sojan sama ne ke tuƙa su, kuma sashe na 15 na Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ya keɓe sayayyar da ta shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojin dokar, sai idan shugaban ƙasa ya amince a bi su. Mun yarda akwai abin da ba a faɗa: na'urorin kariyar jirgi, da hanyoyin sadarwarsa na sirri, da jadawalin tafiyarsa kafin ya tashi. Amma farashin saye ba ya cikin waɗannan. Wanda ya sayar ya san shi, dillali ya san shi, bankin da kuɗin ya bi ta cikinsa ya san shi, kamfanin inshora ya san shi. Waɗanda aka ɓoye wa su ne masu kuɗin. Ita ma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumomi kwana bakwai su amsa buƙatar bayani, ta amince da keɓewar tsaro, amma ta ce idan maslahar jama'a ta rinjayi illar da ake tsoro, a bayyana. Kuma tunda dokar 2007 ta bar wa shugaban ƙasa ikon cewa a bi ƙa'ida, rufa-rufar zaɓi ne aka yi, ba tilas ba.

Wasu ƙasashe sun shiga irin wannan hali, kuma akwai abin koyi a yadda suka fita. A ƙarshen Nuwamban 2018 jirgin Airbus A340 da ke ɗauke da Shugabar Gwamnatin Jamus Angela Merkel zuwa taron G20 a Buenos Aires ya samu matsala ya juyo, ta ƙarasa tafiyar a jirgin fasinja na kamfanin Iberia, ta kuma makara. Abin kunya ne ga ƙasa irin Jamus, amma ba a ruga kasuwa a ɓoye ba. A 2019 kwamitin kasafi na majalisar ƙasar ya amince da sayen Airbus A350 guda uku a kan kimanin yuro biliyan 1.2, adadin da kowa ya ji, na farko kuma ya iso a 2020. Birtaniya ta bi wata hanyar: ta ɗauki ɗaya daga cikin jiragen A330 na sojan samanta masu zuba wa jiragen yaƙi mai a sama, ta gyara cikinsa da kimanin fam miliyan 10, ya fara ɗaukar shugabanni a 2016, idan babu tafiya kuma ya koma aikinsa na soja.

Akwai kuma darasi ga masu cewa a sayar da komai kawai a huta. Shugaba López Obrador na Mexico ya hau mulki a Disamban 2018 da alƙawarin sayar da Boeing 787 ɗin da magabatansa suka saya a kan fiye da dala miliyan 200. Jirgin ya yi fiye da shekara huɗu a ajiye yana cin kuɗin kulawa, sai a Afrilun 2023 Tajikistan ta saye shi a kan kimanin dala miliyan 92. Jirgin da aka ƙawata cikinsa don shugaba ba ya da masu saye da yawa. Mu kanmu mun ɗanɗana: a Oktoban 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta tallata Falcon 7X da Hawker 4000 don sayarwa, ta kuma miƙa wa sojan sama jirage masu saukar ungulu biyu, amma a 2020 sai da aka sake tallata Hawker ɗin. Kazalika, cewa shugaban ƙasa ya riƙa bin jirgin fasinja magana ce mai daɗin ji, sai dai Najeriya ba ta da kamfanin jirgi na ƙasa tun da aka rushe Nigeria Airways a 2003, kuma tafiya tsakanin biranen Afirka da dama har yanzu sai an yi zagaye. Dogaro da jiragen shata kuma na nufin miƙa lafiyar shugaba da sirrin tattaunawarsa ga matuƙa da ma'aikatan da hukumominmu ba su tantance ba. Ƙasa na buƙatar jirgi nata. Tambayar ita ce guda nawa, wane iri, a kan nawa, kuma don wa.

A nan ne ainihin ɓarnar take, kuma ta girmi wannan gwamnati. An tara ayarin ne guntu-guntu, kowace gwamnati ta sayo abin da ya burge ta: Boeing, da Gulfstream, da Falcon na kamfanin Dassault, da Challenger na Bombardier, da jirage masu saukar ungulu, yanzu ga Airbus. Kowane iri na buƙatar matuƙan da suka samu lasisin wannan irin musamman, suna kuma komawa horo lokaci-lokaci a ƙasashen waje. Kowane na buƙatar injiniyoyinsa, da kayan gyaransa, da kwangilar kulawarsa, duka da dala ko yuro, a lokacin da darajar naira ta faɗi da fiye da rabi. Kamfanonin jiragen kasuwa masu neman riba na ƙoƙarin taƙaita ire-iren jiragensu saboda wannan dalili. Ayari mai jirage da yawa wanda rabinsa ke jiran gyara bai kai ayari ƙarami wanda kowane jirginsa ke shirye ya tashi ba.

Kai jirage gyara waje ma na da nasa haɗarin, kamar yadda muka gani a tsakiyar Agustan 2024. Wata kotu a Paris ta ba kamfanin Zhongshan na China izinin riƙe jiragen Najeriya uku da ke ƙasar Faransa: Falcon 7X a filin Le Bourget, da Boeing 737 da Airbus A330 a filin Basel-Mulhouse. Asalin rikicin kuwa tsakanin kamfanin ne da Jihar Ogun a kan wani yankin ciniki marar haraji, inda kwamitin sasanci ya yanke a biya kamfanin kimanin dala miliyan 70. Daga baya kamfanin ya saki Airbus ɗin, yana cewa karamci ya yi. A taƙaice, 'yan Najeriya da yawa daga takardun kotun wata ƙasa suka fara tabbatar da cewa ƙasarsu ta mallaki sabon jirgi, kuma sai da wani kamfani mai bin bashi ya ga dama kafin shugabanmu ya hau shi. Ƙasar da ke da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya tun 1964, da wurin gyaran jirage na Aero Contractors a Legas, da wanda Jihar Akwa Ibom ta gina a Uyo, ya kamata ta kasance tana da shiri na mayar da wani ɓangare na wannan aiki gida. Habasha ta yi, kuma jiragen wasu ƙasashen Afirka na zuwa Addis Ababa gyara.

Sai batun wanda ke hawa. A Janairun 2020 an yi ce-ce-ku-ce da 'yar shugaban ƙasa na wancan lokaci ta je Bauchi a jirgin fada, a Oktoban 2023 kuma aka sake yi da ɗan shugaba mai ci ya je Kano kallon wasan folo. Jam'iyya ɗaya ce, amma da wata ce ke mulki ma da wuya labarin ya bambanta, domin jama'a ba su taɓa ganin rubutacciyar ƙa'idar da za su auna da ita ba. Kowace awa da jirgi ya yi a sama tana matso da ranar gyaransa da ranar sauya shi. Tafiyar da ba ta aiki ba tana cin kuɗin mai a yau, tana kuma cin rayuwar jirgin a gobe.

Saboda haka muke kira da a yi waɗannan abubuwa, ba tare da jiran wata tangarɗar ba.

Na farko, fadar shugaban ƙasa ta bayyana cikakken kuɗin Airbus A330: farashin saye, da kuɗin gyaran ciki da fenti, da ladan dillalai, da kuɗin horar da matuƙa, da sashen kasafin da aka ciro su. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda sashe na 85 na kundin tsarin mulki ya ba ikon duba asusun kowace hukuma, ya tantance ya kai wa majalisa rahoto.

Na biyu, ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro da rundunar sojan sama su rubuta tsarin sauya jirage na shekara goma zuwa goma sha biyar: kowane jirgi da awowinsa, da ranar babban dubansa na gaba, da shekarar da ake sa ran ajiye shi, da abin da zai maye gurbinsa. A sa wannan a cikin tsarin kashe kuɗi na matsakaicin zango da ake kai wa majalisa kowace shekara, ta yadda ranar da za a saya babu wanda zai yi mamaki.

Na uku, a rage ayarin zuwa abin da aikin ƙasa ke buƙata, a kuma taƙaita ire-irensa. Jiragen da aka rage, a duba ko za su fi amfani a hannun sojan sama, wajen kwashe sojojin da suka ji rauni a fagen daga ko ɗaukar marasa lafiya a lokacin bala'i.

Na huɗu, a sayar da tsofaffin a bainar jama'a kamar yadda sassa na 55 da 56 na dokar 2007 suka tsara: a ƙiyasta daraja ta hannun masani mai zaman kansa, a tallata, a faɗi wanda ya saya da abin da ya biya, kuɗin kuma su shiga asusun gwamnati na bai-ɗaya. Boeing 737 ɗin da aka sa a kasuwa a Switzerland a 2025 shi ne gwaji na farko.

Na biyar, a wallafa ƙa'idar amfani da jiragen: wane ne ke da haƙƙin hawa, wane ne ke ba da izini, da nawa mutum zai biya idan tafiyar ta ƙashin kansa ce. A ƙarshen kowace shekara a fitar da jimillar awowin da aka yi da abin da suka ci. Bayanin tafiyar da aka riga aka gama ba ya jefa kowa cikin haɗari.

Kalmarmu ta ƙarshe ga masu karatunmu ce, manyan sakatarori da daraktoci da akantoci da hadiman manya, domin ta teburinku waɗannan fayiloli ke bi. Shugaba ba shi ke rubuta takardar shawara ba, ba shi ke zaɓar layin kasafi ba, ba shi ke tsara sanarwa ba. Hadimin da ya ba maigidansa shawarar a yi shiru har ƙura ta lafa bai kyauta masa ba, domin a zamanin da kowa ke iya bin sawun jirgi ta wayar salularsa, abin da aka ɓoye a Abuja da safe ana karanta shi a intanet kafin la'asar, kuma idan ya fito ta bakin wani, da zargi yake fitowa. Wanda ya sa a rubuce cewa a nemi izinin majalisa, a haɗa lissafin kwatanci, a faɗi farashi, ya kare maigidansa, ya kare kansa ranar da wata gwamnati za ta buɗe fayil ɗin, ya kuma kare abokan aikinsa da za su hau jirgin. Gwamnati na wucewa bayan shekara huɗu ko takwas, jirgin da sa hannunku kuwa na nan. Jirgi na gaba da zai gaji an riga an san shi, an san awowinsa, an san ranar babban dubansa. A fara shirin sauya shi tun yanzu, a fili, da alƙaluma a gaban majalisa.